Rigakafi ne ko ba rigakafi ba ne? Yadda ta kaya a zauren masu kiwon kaji

Alhaji Mai Kaji: Salamu alaikum. Wallahi raina a ɓace yake. Cikin kwana uku na yi asarar kaji masu ƙwai sama da 300 a gonata ta Kumbotso. Da asuba na buɗe ɗaki na tarar da su zube a kan ɓuntu, kawuna a kumbure, zanko ya yi shuɗi-shuɗi. Yau kuma yarona ya nuna min a waya wai tuni Turawa suka samo rigakafin murar tsuntsaye, suka ɓoye abinsu. Mu kuwa ko zancen diyya babu wanda ya zo ya yi mana. Allah ya isa.

Hajiya Mai Ƙwai: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar da alheri, Alhaji.

Malamar Asibiti: Allah ya mayar da mafi alheri. Amma Baba, abin nan ba rigakafi ba ne, kuma ba don kaji aka yi shi ba, don mutane ne. A watan Janairun 2025 masu bincike a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka suka fitar da sakamakon. Birai aka yi wa allurar wani sinadarin garkuwar jiki mai suna MEDI8852, sannan aka shaƙa musu H5N1, ƙwayar cutar murar tsuntsaye. Waɗanda suka sami allurar ba su jigata ba, ko ɗaya bai mutu ba. Babu maganar ɓoyewa, a mujallar Science aka buga shi.

Malamin Hausa: Dakata 'yata. Da bakinki kika ce an yi allurar tun cuta ba ta zo ba. To mene ne rigakafi? Ka riga abokin gaba, ka yi kafi. Kada boko ya sa mu canza wa kalma ma'ana.

Malamar Asibiti: Malam, a wajen aiki akwai bambanci. Rigakafi, irin Lasota da Gumboro da kuke ba kaji, koya wa jiki yake yi ya horar da sojojinsa da kansa. Wannan kuwa sojojin haya ne, an haɗa su a waje aka zuba a jini. Nan take suke fara aiki, amma jiki bai koyi komai ba. Masu binciken sun ce kariyar za ta kai kamar mako 8 zuwa 12, daga nan ta tafi. Dangin maganin dafin maciji ne.

Malamin Hausa: Madalla, kin kama kanki. Maganin maciji bayan sara ake yin sa. Wannan kafin sara. Ashe misalinki ma ni yake goya wa baya.

Malamar Asibiti: Yadda yake aiki nake nufi, ba lokacin da ake yin sa ba.

Malamin Hausa: Shekara 28 ina koyar da Hausa. Ba a taɓa yi min gyara a kan wannan kalma ba sai yau.

Ɗan Kurna: Ku kuna ta kalma, ni biran nan ne suka tsaya min a rai. Yau biri, gobe wa? Mu mutanen Kano ba a ba mu labari. Mun ga Trovan, maganin da kamfanin Pfizer ya gwada a kan yaranmu, lokacin sanƙarau na 1996.

Malamar Asibiti: Wancan an yi shi, babu mai musu, har gwamnatin Kano ta kai ƙara aka yi sulhu a 2009. Amma me ya haɗa shi da wannan? Babu wanda ya kawo maka allurar nan, ko a kasuwa babu ita.

Ɗan Kurna: Ai dama ku ma'aikatan lafiya ba kwa ganin laifin Bature.

Likitan Dabbobi: Jama'a, ku bar ni in yi wa Alhaji tambaya ɗaya. An ɗauki samfuri an aika cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom? Don cutar Newcastle mai tsanani ma tana zubar da kaji haka, ido ba ya raba su. Idan murar ce, ba yau muka fara ganin ta ba. A Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da ita a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, ta shigo Kano, ta sake dawowa a 2015. Diyya kuma sai an kai rahoto, an tabbatar, hukuma ta kashe ragowar da kanta. Yanzu dai a haƙa rami mai zurfi a binne, kada kaza ko kiret ya fita daga gonar. Yaran da suka kwashe mushen, duk wanda ya ji zazzaɓi ko idonsa ya yi ja a kai shi asibiti, a faɗi aikin da yake yi. Maganin mura na Tamiflu ya fi amfani a cikin awa 48 na farko. A Legas mace ta rasu da cutar nan a farkon 2007, ba wasa ba ne.

Malamin Hausa: Likita, kai ma ka faɗa mana, rigakafi ne ko ba rigakafi ba ne?

Likitan Dabbobi: Malam, don Allah.

Ɗan Kurna: A 2006 ɗin naira 250 aka biya kowace kaza. Wa zai kai rahoto?

Hajiya Mai Ƙwai: Shi ya sa wasu da sun ga kaji sun fara gyangyaɗi sai su loda su a a-kori-kura da daddare, gari na wayewa suna hannun 'yan fige. Ban kama suna ba.

Alhaji Mai Kaji: Hajiya, da wa kike? Ni kaɗai na ce kajina sun mutu a zauren nan.

Hajiya Mai Ƙwai: Na ce ban kama suna ba. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

Alhaji Mai Kaji: To tunda abin ya zama haka, kiret 40 da kika ɗauka tun kafin azumi fa? Na yi shiru ne don mutunci.

Hajiya Mai Ƙwai: 35 ne, biyar fasassu aka kawo min, direbanka shaida ne.

Ɗan Kurna: Duk wannan kajin Turawa ne suka jawo. Kajin Hausa na gidanmu ko atishawa ba sa yi.

Likitan Dabbobi: Suna mutuwa su ma, ƙirgawa ce ba a yi. Alhaji, har yanzu ba ka amsa min batun samfurin ba.

Shugaban Zaure: To jama'a, ya isa haka, bari in taƙaita. Na ɗaya, an tabbatar kalmar rigakafi ce daidai, kamar yadda Malam ya yi bayani, kuma shi ya koyar da mu tun muna aji ɗaya, ba mu taɓa kama shi da kuskure ba. 'Yarmu ta asibiti ta yi ƙoƙari, amma a riƙa girmama manya. Na biyu, maganar birai abin dubawa ce, Ɗan Kurna yana da hujja. Na uku, Likita ya kawo nasa, sai dai kowa ya san mai sana'a ba ya rasa tallar sana'arsa. Batun kiret a yi shi ta waya. Masu son masara, motar Dawanau za ta iso gobe bayan azahar, a turo suna da adadin buhu kafin isha'i.