Neman shawara: Hilux ta zamani mai bitesin hannu ko otomatik, ga mai shiga daji?

Mai Albasa, Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da yini. Don Allah shawara nike biɗa wajen waɗanda sunka riƙe irin motocin nan. Ni ɗan Tawa ne, sana'ata sayen albasa da wake cikin ƙauyuka, ina shiga Keita da Buza da Tabalak, wani lokaci har Abalak wajen ƴan uwa masu bisashe, kuma kusan kowane wata sai na sauka Yamai, kilomita 500 da ƴan kai. Shekara 14 ke nan ina tuƙa tsohuwar Hilux mai injin da ake ce ma 5L, bitesi biyar na hannu, wallahi ta yi mini rana amma yanzu ta gaji, kullum muna garaji.

An kawo mini magana ta mota biyu, duka Hilux dubul kabin okaziyo. Guda ta 2019 injin 2.4 bitesi shida na hannu, guda ta 2021 injin 2.8 otomatik, ita ta fi tsada sosai. Ni dai raina na ga ta hannu don ita na sani. To amma satin da ya wuce na ari ta wani abokina irin ta 2019 ɗin nan sak, munka ɗora buhu 8 munka bi hanyar Keita, da munka zo wani kori mai rairai sai ta mutu mini har sau biyu, na ukku na ba ta wuta ina riƙe da ambireyaj rabi har ta hita, amma warin da ya tashi kamar ana ƙona fata, kunya ta kama ni gaban mai mota. Tsohuwata wurin nan da bitesi na biyu take wucewa ko wuta ban cika ba ta ba. Abin ya tsaya mini a rai. Ga shi kuma gwiwata ta hagu ta fara ciwo, in na shiga cunkoson Yamai wajen Katako ko gadar Kennedy da marece sai na kwana ina shafa magani.

To mi kuka gani? Bitesin hannun motocin yanzu ne ba shi da kirki ko ni ne ban iya ba? Kuma otomatik tana iya dajinmu?

Ɗan Ader:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ta hannu, kada ma ka tsaya dogon tunani. Ranar da batir ya mutu maka tsakanin Tabalak da Abalak yara huɗu su tura ka ka tashi. Otomatik fa? Sai dai ka zamna ƙarƙashin ƙaya kana jiran mai kabul.

Usta Makanise, Yamai:
Alhaji barka da ƙoƙari. Abin da ya same ka cikin korin nan kusan duk wanda ya baro tsohuwar Hilux ya hau sabuwa sai ya same shi, ni kaina na canza ma mutane disk ɗin ambireyaj da yawa saboda shi. Ba motar ba ce ta lalace, kuma ba wai ba ka iya tuƙi ba ne, hannunka ne ya saba da wani injin daban.

Bari in yi maka bayani. 5L ɗinka lita 3 ne ba shi da turbo, ƙarhinsa ko doki 100 bai kai ba, amma ɗan abin da yake da shi tun daga ƙasa yake ba da shi, kana sakin ƙafa yana ja. Shi 2.4 ɗin, wanda ake ce ma 2GD, doki 150 gare shi, ya hi naka nesa ba kusa ba, amma ƙarhin nasa sai turbo ya cika, wato sai allurar da ke nuna juyawar injin ta kai wajen 1600 zuwa sama. Ƙasa da haka, ga kaya bisa, ga rairai ya riƙe taya, ƙaramin inji ne kawai, dole ta mutu. To kai da ka ji za ta mutu sai ka taka ambireyaj rabi kana ba ta wuta, wannan warin da ka ji disk ne yake cin kansa.

Tambayata guda: wane wuri ka sa maɓallin kat-kat? Akwai H2 (taya biyu ke ja), H4 (taya huɗu ke ja, da gudu) da L4 (taya huɗu ke ja, sannu da ƙarhi). Na rantse H4 ka shiga da ita, ko ma H2. L4 don irin wurin nan anka yi shi, yana rage gudun taya kusan ninki biyu da rabi, injin na juyawa sosai mota na tahiya sannu, ba ka da bukatar taɓa ambireyaj ko kaɗan. Ka tsaya cik tun bakin kori, ka taka ambireyaj har ƙasa, ka murɗa L4, ka jira hitilarsa ta zamna ta bar ƙibtawa, ka sa na biyu ka saki ƙafarka gaba ɗaya. Cikin rairai kada ka canza bitesi, da ka taka ambireyaj gudun ya tahi, sai kahewa.

Kuma iskar taya. Mutanenmu ba su son rage iska don ƙiwuyar sake bugawa, alhali rabin aikin nan yake. Ka sauke ta wajen 1.5 bar ga ma'aunin iska, ka sayi ɗan kwampareso mai aiki da batir ka aje bayan kujera, in ka hau gudoro ka maida.

Abin da nike jan kunnenka da shi, ambireyaj na motocin yanzu ba irin na da ba ne da za ka sayi disk kawai a Feray ka ɗaura. Da yawansu bolan ɗin injin, wato faifan ƙarhen da disk ɗin ke kamawa, mai gida biyu ne da siprin a ciki, in zahi ya cinye shi sai an canza shi gaba ɗaya, kuɗɗinsa kuwa ba wasa ba.

Mai Albasa, Tawa:
Usta Allah shi saka da alheri. H4 ne wallahi. Ni L4 a tsohuwata sai in shekara ban taɓa shi ba, shi ya sa ko tunaninsa ban yi ba. Iska kuma cike take tam don saboda kaya.

Direban Proje:
Salam. Ni zan faɗi abin da wasu ba za su so ba. Shekara 9 ina tuƙi cikin wani proje, Tawa, Cintabaradan, Tasara, har Ingal, na tuƙa ta hannu na tuƙa otomatik, kuma in dai maganar rairai ce tsantsa otomatik ta hi daɗi, ba gardama. Dalili shi ne wanda Usta ya faɗa da bakinsa, cikin rairai canza bitesi ne ke kashe mutum, ita kuwa tana canzawa ba tare da ta yanke ƙarhi daga taya ba, kuma ba ta mutuwa. Hawan tudu da kaya ma haka, ba komawa baya ba warin disk.

Sannan wadda anka kawo maka 2.8 ce ta 2021, tun gyaran da Toyota sunka yi a 2020 injin nan doki 204 gare shi, kuma a otomatik sunka sakar masa ƙarhin ja 500, ta hannu sunka tsaida shi 420. Wato kamfanin da kansa ya hi yarda buwat (akwatin bitesi) otomatik ta ɗauki nauyin.

Amma tana da nata hali. Abokin gabanta zahi ne. In ka daɗe kana turzawa cikin rairai a H4 ga zahin watan Afrilu, man buwat ɗin yana tafasa, hitila ta kama, dole ka tsaya ta huce. Ita ma L4 take so. Kuma ranar da ta lalace da gaske, ban san wanda zan ba amanarta a Abalak ba, mu namu Yamai ake ɗauko su bisa babbar mota, proje ke biya. Kai aljihunka ne zai biya, wannan ka sa shi cikin lissahi.

Ɗan Ader:
To ka ji, ƙarshenta dai maganata ya dawo.

Baban Nafisa:
Ɗan Ader maganar turi da kake yi akwai gyara. Injin yanzu kwamfuta ke ba anjektar, masu fesa gazuwal cikin injin, umarni, in batir ya mutu murus ko garin duka sunka taru sunka tura ba ta tashi. Sai in akwai ɗan saura da zai kunna tabulo. Ni ya same ni a Badagishiri ranar kasuwa, munka tura har munka gaji, ƙarshe kabul ɗin dai anka kawo. Duk wadda ka saya Alhaji ka aje kabul cikin mota.

Kuma ni abin da ya hi ba ni tsoro a motocin nan ba buwat ba ne, gazuwal ne. 5L ko mi ka zuba masa yana sha, waɗannan kuwa in ka saba sayen na bakin hanya cikin kwalba da bido, ruwa ko ƙura ya shiga, anjektar ne zai tahi. Ka riƙa sha a tasha, ka riƙa canza filtir kafin lokacinsa.

Hajiya Maman Abdul, Yamai:
Yaya Alhaji ina yini, ya jiki. Duk sun yi maganar mota ba wanda ya yi maganar gwiwa. Maigidana haka ya yi ta daurewa da ta hannu yana cewa otomatik motar mata ce, har sai da likita ya hana shi tuƙi wata biyu. Yanzu otomatik yake ja kuma bai sake kwana da ciwo ba. Ban san injin ba ni, amma ka je a duba gwiwar nan tukunna kafin ka zuba miliyoyi. In likita ya ce abin mai daɗewa ne to shawara ta yanke kanta. Mota ana sake ta.

Usta Makanise, Yamai:
Hajiya ta yi gaskiya, a duba. Sai dai in ƙara da cewa ambireyaj na 2019 ɗin ya hi na tsohuwarsa taushi nesa, wanda ya shekara 14 yana taka na tsohuwar da ta gaji zai ji bambanci. Alhaji kai za ka faɗa mana, da ka tuƙa ta abokinka ya ka ji ƙafar?

Wani abu kuma kada in manta, in ka hito daji ka hau gudoro ka maida ta H2. Hilux ba ta da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya, in ka yi ta yawo da H4 bisa busasshen gudoro kana kwana, ƙarahunan ƙasa ne ke murɗewa, taya ma na cinyewa. Kuma bitesi na shida na doguwar hanya ne, Konni zuwa Dogon Dutsi zuwa Doso, nan za ka ji daɗinsa ga shan mai kaɗan. Kada ka sa shi kana 60 da kaya, injin na kuka a ciki kai ba ka ji.

Sarkin Tasha:
Ni da za a bi tawa, ka bar su duka ka nemi Land Cruiser 79 mai injin 1HZ, silinda shida lita 4.2 ba turbo, bitesi biyar. Halinta guda da tsohuwarka sai dai ta hi ta ƙarhi, kuma duk makanisen da ke tsakanin Tawa da Agadas ya san cikinta kamar yunwar cikinsa.

Mai Albasa, Tawa:
Sarki ai kowa na son ta, kuɗɗin ne ba su kai ba, ga shan gazuwal, ga ta da tauri in za ka Yamai da iyali. Wannan sai wani jiƙon.

Usta gaskiya ƙafar da taushi, ban ji gwiwar ba ranar nan, amma kuma ba cikin cunkoso nike ba. Hajiya na gode ƙwarai, in sha Allah gobe zan je a duba. Zan sake aron motar in koma korin nan da abin da kunka ce in gani.

Direban Proje:
In za ka gwada ka gwada da kaya irin na ranar nan, ba wofi ba. Kuma wadda za ka saya ɗin ka sa a gwada ambireyaj ɗinta, okaziyo ce, ba ka san ƙafar da ta taka ta ba. Bisa hanya ka sa na huɗu kana tahiya sannu ka ba ta wuta sosai, in allura ta tashi mota ba ta ƙara gudu ba to disk ya tahi, a rage maka kuɗɗi.

Mai Albasa, Tawa:
Ƴan uwa barkanmu da Juma'a, na dawo da labari. Ranar Laraba munka koma korin, ni da mai motar da yarona, buhu 8 kamar wancan karo. Na tsaya bakin kori munka rage iska, na sa L4 na biyu, na ɗauke ƙafata daga ambireyaj na aje ta ƙasa don kada ta yi halinta. Wallahi ta ratsa kamar bisa gudoro, ba wari ba komi. Na juyo na sake wucewa da na ukku, nan ma lahiya lau. Mai motar ma ya ce shi kansa shekara biyu yana da ita bai taɓa murɗa L4 ba.

Gwiwa kuma an duba, likita ya ce ba ƙashi ba ne, jijiya ce ta gaji, ya ba ni magani ya ce in rage daɗewa zamne wuri guda. To na yanke shawarar ɗaukar ta hannun, saboda yawancin aikina daji ne nesa da Yamai kuma abin da ya rage na kuɗɗin zan sa taya sababbi huɗu da kwampareso da kabul. Cikin Yamai yarona zai riƙa karɓa ta, ya samu parmi bara.

Usta motar tana nan Yamai wajen mai ita, Litinin in sha Allah zan sauka da bas ɗin sahe. In ba damuwa ina so ka raka ni ka duba ambireyaj da bolan ɗin nan da ka ce kafin in biya.

Usta Makanise, Yamai:
Ba damuwa Alhaji, Allah shi kawo ka lahiya. Ka ce ma mai ita kada ya tada ta kafin mu zo, ina so in ji kukanta da sanyi.