La'adar ƙetare: mu tsayar da suna ga kuɗin da ake yanka a kati a ƙasar waje

Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu tsayar da kalma ɗaya ga abin da bankuna ke kira foreign transaction fee, wato kason da ake ɗorawa a kan kuɗin kaya idan ka biya da kati wurin ɗan kasuwar da bankinsa ke wata ƙasa. Shawarata mu ce masa la'adar ƙetare. Wasu a zauren nan sun riga sun kawo nasu sunayen, da gyara da tambayoyi, zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai gyara ya kawo.

Maganar ta zama dole yanzu. A 2022 yawancin bankunanmu sun rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya suka rufe gaba ɗaya. A Fabrairun 2024 Babban Bankin Najeriya ya ce guzurin matafiya da ake saya a banki a daina bayar da shi tsaba, a zuba a kati. A tsakiyar 2025 kuma wasu bankuna suka sake buɗe katin naira. Ke nan mai zuwa Umra, da 'yar kasuwar Dubai, da uban da ke biya wa ɗansa kuɗin jarrabawa ta intanet, duk kati ne a hannunsu, ana yankar su, ba su da sunan abin da ake yanka.

Hannu biyu ne ke shiga kuɗin. Kamfanin katin, Visa ko Mastercard, yana ɗaukar nasa, kusan kashi 1 cikin 100. Bankin da ya ba ka katin ya ɗora nasa. A katunan bashi na Amurka jimillar takan tsaya tsakanin kashi 1 zuwa 3. Otal na dala 1,000, a kan kashi 3, dala 30 ta tafi ba ka ƙara kwana ko ɗaya ba. A katin naira sau da yawa ba za ka ga an rubuta shi daban ba, yana cikin farashin dalar da bankin ya yanka maka a ranar.

Na ga masu cewa a kira shi haraji. Wannan kam ban yarda ba ko kaɗan, kuma shi ne ya sa na buɗe maganar. Haraji na hukuma ne, Bahaushe in ya ji kalmar sai ya miƙa wuya, ya san ba a tayawa. Wannan kuwa banki ne ya yanka wa kansa, wani bankin ya fi wani sauƙi, akwai ma katunan da ba a cirar komai. Duk wanda muka koya wa cewa haraji ne, mun hana shi tambaya.

Malam, kai da ka kawo kuɗin fito, Allah ya saka. Kalmar tana da daɗi, asalinta ladan mai kwalekwale da ya tsallakar da kai kogi, kuma kuɗin nan tsallakawa yake yi. Sai dai jaridu da gidajen rediyo sun riga sun ba kwastam ita. In ka ce wa mai shigo da kaya an cire masa kuɗin fito, tunaninsa tashar ruwa ta Apapa zai tafi.

Kuɗin canji ma bai rufe ba, domin ana iya cire shi ko ba a canza komai ba: katinka na dala, kaya da dala, amma kantin yana wata ƙasa. Kuɗin tafiya kuma ya fi nisa, kana zaune a Kubwa kana saye a waya za a cire maka.

La'ada ita ce ladan wanda ya shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa, ana lissafa ta gwargwadon ciniki, kuma kowa ya san ana tambayar nawa ce tun kafin a sallama. Duka ukun sun hau kan wannan kuɗi daidai. Kamasho ma zai yi, amma kunnena tasha yake kai ni.

Alhaji, na ga gyaranka cewa a kara, wato kasuwar dabbobi, mai dabba ne ke fitar da la'ada, ba mai saye ba. Na ji, ranka ya daɗe. Amma duk wanda ya kama haya a Abuja ya san dillalin gida daga aljihun ɗan haya yake karɓar tasa, kuma la'ada muke ce mata. Kalmar ta riga ta faɗaɗa.

Hajiya kuma kin tambaya ko kuɗin ruwa ne. A'a, abu biyu ne. Kuɗin ruwa yana hawa kan bashin da ba a biya ba, yana ƙaruwa da kwanaki. La'adar ƙetare sau ɗaya ake cire ta a kan ciniki, ko da katin na kuɗinki ne ba na bashi ba. Hukuncin shari'a na malamai ne, ni rabe sunayen kawai nake yi. Abin da zan ƙara miki shi ne, cire tsabar kuɗi a ATM da katin bashi yakan jawo kuɗin ruwa tun daga ranar, ga la'ada, ga cajin mai injin.

Akwai wani yankan da ya fi wannan ciwo, shi ma yana son suna, don kada a cakuɗa su. Ka miƙa katin dala a wani kanti a Makka, na'urar ta tambaye ka: da riyal za ka biya ko da dala? Zuciya sai ta ce dala, ai ita na sani. To a nan ne kantin da kamfanin na'urar ke yi maka canji da farashinsu, wanda yawanci ya fi la'adar bankinka tsada, kuma ba lallai bankin ya fasa cire tasa ba. Turawa na taƙaita sunansa da DCC. Ni na ce canjin mai kanti. A Saudiyya gane shi ba wuya, tun 1986 dala ɗaya riyal 3.75 ce. In rasit ya nuna an ba ka 3.55, ka san inda ragowar ta shiga. A Dubai ma dirhami a ɗaure yake, 3.67 da ɗoriya. Kullum ka zaɓi kuɗin ƙasar da kake tsaye a cikinta.

Ga masu tambayar hanya mafi sauƙi: kafin tafiya ka shiga bankinka ka ce nawa ce la'adar ƙetare a katin nan, kuma nawa kuka sa dala yau, sannan ka gwada da farashin 'yan canji masu lasisi na Zone 4 a Wuse. Mai asusun dala ya yi amfani da katinsa na dala, ya tsira daga juyi na biyu: riyal zuwa dala kawai za a yi masa, ban da dala zuwa naira. Ɗan abin tasi da shayi ka canza tun a gida, teburan canji na filin jirgi tsada gare su. A ATM kuma gara ka ciri mai kauri sau ɗaya da ka yi ta tsakura, don kowace cira da cajinta. 'Yan'uwanmu mazauna Ingila da Amurka suna da katunan da ba su da wannan la'ada, su duba kafin su taho gida hutu, domin su a wurinsu Abuja ce ƙetare.

Wani ɗan'uwa daga Jos ya ce la'adar waje ta fi sauƙin faɗi. Ban ƙi ba a baka. A rubuce dai na fi son ƙetare, saboda waje na iya nufin wajen banki, kamar cajin da ake yi maka in ka ciri kuɗi a ATM ɗin wani bankin. Masu fassarar labarai da ma'aikatan banki da ke tare da mu, ku gwada kalmomin biyu a kan abokan hulɗarku wannan makon, ku dawo mana da wadda ta fi zama a bakinsu.