Wai Akwai Dabbar Da Ba Ta Da Jijiyoyin Ji?

Baban Sadik: Assalamu alaikum. Wai an koya wa yarona a makaranta cewa akwai dabbar da ba ta da ƙwaƙwalwa, ba ta da ko jijiyar ji guda ɗaya. Ni kam ban yarda ba. Abin da ke neman abinci, yake gudun haɗari, dole da abin da ke tafiyar da shi.

Malama Hajiya: Wa alaikumus salam. Alhaji, yaron ya faɗi daidai. Soson teku dabba ne, kuma ba shi da ƙwayar jijiya ko ɗaya. Yana manne jikin dutse, ruwa na shiga ta ƙananan ƙofofin jikinsa, ya tace abincinsa, ruwan ya fita ta sama.

Baban Sadik: To ai wannan tsiro ne, Malama.

Malama Hajiya: A'a. Tsiro da hasken rana yake haɗa abincinsa, shi kuwa soso ci yake. 'Ya'yansa ma iyo suke yi kafin su samu wurin zama. Akwai kuma Trichoplax, wata 'yar mitsitsiyar halitta da aka gano a 1883, tana rarrafe tana cin abinci, ita ma babu jijiya.

Maman Amira: Ni inda na tsaya shi ne ƙwaƙwalwa. Tsakanin soso da mutum akwai matakai da yawa. Jelifish, wata dabbar teku mai taushin jiki da siffar laima, yana da jijiyoyi warwatse kamar komar masunta, amma babu cibiya. Kyankyaso kuwa, ko an cire masa kai yakan yi kwanaki yana motsi, saboda ta ƙofofin gefen jikinsa yake numfashi, kuma akwai ƙullin jijiyoyi a gaɓoɓinsa da ke sarrafa ƙafafu.

Kawu: 'Yata, ki ƙara da oktofus, wata dabbar teku mai hannaye takwas. Ƙwayoyin jijiyarsa kusan miliyan 500, kuma kashi biyu cikin uku a hannayensa takwas suke. Ga wata 'yar ƙaramar tsutsa mai suna C. elegans, ƙwayoyin jijiya 302 kacal gare ta, an zana yadda suke haɗe tun 1986.

Baban Sadik: Na ji, Kawu. Amma na karanta cewa idan datti ya toshe soso, yakan takure jikinsa ya fitar da shi. Wa ya gaya masa?

Malama Hajiya: Ƙwayoyin jikinsa ne ke aika wa juna saƙo ta sinadarai, sannu a hankali, har a yi mintuna kafin ya gama takurewar. Jijiya kuwa aikinta saurin kai saƙo ne.

Baban Sadik: To ke nan saƙon dai yana tafiya. A kan wannan ban sauka ba tukuna.