Ɗalibina ya ce gyaran nahawu kawai ChatGPT ya yi masa, yaya zan yi?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa malamai. Ina neman shawara a kan wani lamari da ya tsaya mini a rai kusan mako biyu.

Wani ɗalibina na ajin ƙarshe ya kawo aikin bincikensa, rubutu tsaf, ba ko tuntuɓe. Manhajar tantancewa ta nuna wai na'ura ce ta rubuta mafi yawansa. Ban dogara da ita ba, domin ko OpenAI, kamfanin da ya ƙirƙiri ChatGPT (manhajar nan mai yi wa mutum rubutu), da kansa ya janye irin wannan manhaja tasa a watan Yuli na 2023 saboda yawan kuskurenta. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne manazarta: na nemi maƙaloli biyu daga cikinsu sama da ƙasa, babu su. Mujallar na nan, lambar fitowar ma na nan, amma maƙalar babu ita a ciki.

Na kira shi ofis. Ya rantse shi ya yi aikin, ChatGPT gyaran nahawu kawai ya yi masa, sai kuma taya shi nemo manazarta. Na yi masa tambayoyi a kan babi na uku, ya amsa da kyau, har ya ba ni mamaki.

Dokar sashenmu kuwa ta girmi ChatGPT, satar rubutun wani kawai ta sani. In na kai shi kwamiti, yana iya rasa shekara guda. In na yi shiru, waɗanda suka yi ta fama a laburare fa? Wanda ya taɓa cin karo da irin wannan, manazartan ƙarya kaɗai sun isa hujjar maguɗi, ko in sa shi ya gyara ya kare aikin da baki?