Ƙafar bayan dokina tana maƙalewa: a yanke jijiyar ko a dakata?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ingarma ɗan shekara 4 da nake doguwar tafiya da shi. Ya yi jinya ya rame, ya daɗe a turke, tun daga nan ƙafarsa ta baya ta dama ta fara sandarewa. Da safe in an kwance shi sai ta miƙe baya, yana jan bakin kofato har ya bar layi a ƙasa, can sai ka ji ƙas, ta saki, ya wuce lafiya lau. Ba kumburi, ba zafi. An ce in kai a yanke masa jijiyar gwiwa kowa ya huta. Tsorona kada in gyara yau in ɓata gobe. Zai ƙara jure dogon zango kuwa?

Wani ɗan barga: Wa alaikumus salam Alhaji. In ta maƙale kada a ja shi gaba da ƙarfi, a tura shi baya taku biyu ko uku, yawanci nan take take saki. Kuma a daina barin shi wuni guda a ɗaure.

Wani dattijo: A zamaninmu lalas ake yi wa wurin, kuma mun ga sun miƙe.

Likitan dabbobi: Baba, Allah ya ƙara girma, amma kada a sa masa wuta. Abin yana can ciki, ƙuna kawai za a bar masa a fata.

Alhaji, wannan gwiwar ta sama da ke kusa da mara tana da ƙoƙo, jijiyoyi 3 ne ke riƙe da shi. Ta ɓangaren ciki takan saƙale a wani tudu da ke ƙarshen ƙashin cinya, da haka ne doki ke iya barci a tsaye. Tsokar gaban cinya ce ke ɗaga ƙoƙon ta sauke shi. Naka ya rame, tsokar ta yi rauni, shi ya sa take kasa kwance saƙalewar a kan lokaci. An fi ganin haka a ƙananan dawaki da waɗanda ƙafarsu ta baya ta cika miƙewa.

Don haka fara da kilisa kullum: tafiya, sannan sassarfa a miƙaƙƙiyar hanya, a riƙa hawa tudu a hankali. Banda zagaye a ƙaramin fili, banda sukuwa tukuna. A ƙara masa harawa da dusa ya mai da jiki, a rage tsinin kofaton baya. Da yawa a nan suke warkewa cikin makonni 6 zuwa 8. In bai daina ba, akwai allurar aidin da likita ke yi a gefen jijiyar don ta yi kauri, sai kuma ƙaramin aikin da ake tsattsaga jijiyar ba tare da an raba ta biyu ba. Wanda aka yi wa wannan yakan fara motsa jiki da wuri.

Yankewa gaba ɗaya ita ce ta ƙarshe. Tana hana maƙalewar, gaskiya ne, amma ƙoƙon yakan rasa daidaito, ƙasansa ya ɓantare a wasu dawakin, musamman in an yi gaggawar mai da su aiki. Ga dokin da kake so ya yi shekaru yana cin zango, wannan ba ƙaramar kasada ba ce.

Mai bin wasan dawaki: Ƙari a kan na likita: a tseren dogon zango irin na Dubai, inda ake yin kilomita 120 zuwa 160, kowane zango sai likitoci sun sa doki sassarfa. Ɗingishi kaɗan, an fitar da shi. Gwiwar da ta lalace ba ta ɓoyuwa a doguwar tafiya.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Likita, garinmu shimfiɗe yake, ba tudu. Kuma yaushe zan san abin ya fi ƙarfin kilisa?

Likitan dabbobi: Gangaren rafi ma ya isa, ko ka jera itatuwa a ƙasa ya riƙa tsallakewa da tafiya. In ka ga gwiwar ta kumbura, ko yana ɗingishi bayan ta saki, ko ta maƙale ta ƙi saki, kada ka jira. Kai shi inda za a ɗauki hoton ƙashi, kamar asibitin koyarwa na dabbobi na ABU Zariya, don akwai ciwon guringuntsi da ke kama da wannan, kuma shi maganinsa daban.