Zan hau jirgin ruwa karo na farko a matsayin kadet ɗin inji (mai koyon aikin injiniya), me zan tarar?

Sabon_Kadet:
Salam yayyena. Na gama ɓangaren aji da na wokshop, na yi kwas ɗin kashe gobara da ceton rai a ruwa da taimakon gaggawa, yanzu kamfani sun kira ni zan hau jirgin dakon kaya wata mai zuwa. Abin da ke damuna, waɗanda suka riga mu suna cewa wai kadet ba ya taɓa inji, daga goge mai sai wanke filta har ya sauka. To in haka ne ya za a yi a cike min littafin horo? Dan Allah ku faɗa min gaskiya, sannan batun barci da zafi fa?

Sakan_Injiniya:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah sa albarka. Goge mai kam za ka yi shi, filta ma za ka wanke har ka gaji, amma duk wanda ya ce a nan abin ya tsaya to shi ne ya tsaya. Dokar STCW ta horo da satifiket ɗin ma'aikatan jirgin ruwa, wadda IMO, hukumar harkokin jiragen ruwa ta duniya, ta kawo a 1978 aka yi mata gyara a Manila a 2010, ta ce kafin a ba ka satifiket ɗin injiniya mai tsaron inji a jirgin da ƙarfinsa ya kai kilowat 750 sai ka haɗa wata 12 na wokshop da teku, kuma sai ka yi wata 6 kana duti a ɗakin inji ƙarƙashin injiniya, kenan dole ne a koya maka, ba alfarma ba ce. Abin da zan ce maka, daga makon farko ka nemi tocila da ƙaramin littafi ka sauka ƙarƙashin farantan ƙasa kana bin bututu ɗaya ɗaya, na ruwan teku, na ruwan sanyaya inji, na man shafawa, na fuwel, kana zana su da hannunka kana sa kowane bawul a wurinsa. Ni kadet ɗin da ya kawo min zanen da ya yi da kansa shi nake fara ba wa janareto ya tayar, saboda na san in na ce rufe bawul kaza ba zai tsaya raba ido ba. Kuma kar ka tara littafin horon sai za ka sauka, duk aikin da ka yi a sa maka hannu a makon.

Ta_Huɗu:
Na yarda da oga amma gaskiya ba kowane jirgi ba ne, akwai inda kadet zai shafe wata da wata yana fenti ba mai waiwayarsa, sai ka riƙa tambaya cikin ladabi kana nuna wa cif injiniya abin da ya rage a littafin. Barci kuwa yarjejeniyar MLC ta 2006 kan haƙƙin ma'aikatan jirgin ruwa ta ce hutu kar ya gaza awa 10 cikin 24 da awa 77 a kwana 7, duti yawanci awa 4 ne ka huta 8, sai dai ranar shiga tasha ko in injin tace mai ya ƙi da tsakar dare za a tashe ka. Zafi kam in kun shiga Bahar Maliya ɗakin inji yana wuce digiri 45, ka yi ta shan ruwa tun ƙishi bai zo ba, kuma kar ka cire abin toshe kunne.

Tsohon_Fita:
Yaro ka riƙe wannan. Ba a shiga tanki ko wani rufaffen wuri sai da takardar izini, an auna iska oksijin ya kai kusan kashi 21, ga mutum tsaye a bakin ƙofa, ko wani ka hango ya faɗi a ciki ƙararrawa za ka buga, masu ruga ceto da yawa a ciki suke mutuwa. Ruwan bilij kuma, wato ruwan da ke taruwa a ƙasan ɗakin inji, dokar MARPOL ta hana gurɓata teku ba ta yarda a zubar a teku ba in man ciki ya wuce 15 cikin miliyan, ko wa ya sa ka ka ce a'a.

Sabon_Kadet:
Na gode ƙwarai, Allah saka. Baba Fita, in babba ne ya sa ni fa, wa zan kai wa ƙara?

Tsohon_Fita:
Cif injiniya, in shi ne to kyaftin. In ba su ji ba, kowane kamfani yana da jami'i a tudu da dokar ISM, wato ta tafiyar da jirgi lafiya, ta tilasta a naɗa don irin wannan, lambarsa tana manne a bango cikin jirgin, ka kwafe ta ranar da ka hau.