Kwamin wanka na roba a tsakar gida: waɗanda suka gwada a Katsina da Daura su ba mu labari

Baban Yara, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum jama'a. Bazara ta kankama, kuma kowa ya san yadda Afrilu da Mayu suke yi mana a garin nan, zafi ya haura digiri 40, ƙuraje su feso wa yara a wuya da gadon baya. Ina so in sai wa nawa kwamin wanka irin wanda ake kafawa a bisa ƙasa ba tare da an yi haƙa ba. Iri biyu na gani: mai bakin da ake hura wa iska, da mai ƙafafun ƙarfe. Tsakar gidana rabi siminti rabi ƙasa, ba ni da bohol, wurin 'yan ga-ruwa muke saye. Yarana huɗu, autan bai cika shekara uku ba. Na ji ta bakin masu sayarwa, yanzu ta bakin waɗanda suka ajiye shi a gida nake son ji.

Malamin Lissafi, Sabuwar Unguwa:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka tambayi kuɗin kwamin, ɗauko kwalin ka duba lita nawa yake ci, don nan ne kuɗin yake. Nawa na Intex ne mai ƙafafun ƙarfe, faɗinsa santimita 305, tsayinsa 76, kuma a jikin kwalin an rubuta lita 4,485. Raba wannan da jarka mai lita 25, ka samu kusan jarka 180. In kurar mai ruwanku tana ɗaukar jarka 12, kura 15 ke nan cikawa ɗaya. Na gaba da shi, mai santimita 366, ya haura lita 6,500. A shago ba ka ganin bambancinsu sosai, taku biyu ne kawai, amma a ruwa kura shida ko bakwai ne a tsakaninsu.

Sannan ruwan ba ya zama yadda ka zuba shi. Iskar bazara busasshiya ce, tana sha. In na bar nawa a buɗe, kafin washegari ya sauka kamar faɗin yatsa, kuma a kwami mai wannan faɗin, santimita ɗaya ya haura lita 70, jarka uku ke nan da ba wanda ya yi wanka da su. Ga wanda yara ke fallatsarwa waje. Tunda ba ka da bohol, ni shawarata ka nemi ƙaramin mai kusurwa huɗu, santimita 220 da 150, wanda ke cin lita 1,662. Yara huɗu za su wala a ciki.

Uwar 'Yan Biyu, Layout:
Ni mai hura iskar na fara saye saboda ya fi araha, kuma gaskiya kafa shi ba wuya, ka hura bakin, ka saki ruwa, shi da kansa zai miƙe. Matsalarsa biyu. Ta farko, in ƙasar ta ɗan karkata ko kaɗan ne, sai ruwan ya taru gefe guda, bakin ya lanƙwashe, yaro yana jingina ruwa ya malale gaba ɗaya. Ta biyu, bakin nan na iska shi ne ransa. Da rana iskar ciki tana kumbura, don haka kada a hura shi tam da safe. Namu kyanwa ce ta hau shan ruwa ta soka masa farce, muka wayi gari ya kwanta. Na samo hujin da ruwan sabulu, inda ya yi kumfa, na liƙe da facin da ya zo a kwalin, amma daga nan kullum sai an ƙara iska. Da na tashi sake saye, mai ƙarfe na ɗauka. Shi kuma ƙafafunsa ne ke tsatsa daga ƙasa inda ruwa ke kwanciya, sai na sa aka yanko mini guntayen katako aka ɗora kowace ƙafa a kai.

Magini, Daura:
Yallaɓai mai tambaya, a ɓangaren siminti za ka kafa ko a ƙasa? In siminti ne, ka tuna mu magina da gangan muke karkatar da daɓen tsakar gida don ruwan sama ya bi ta kwata, saboda haka kada ka ɗauka a daidaice yake. Sami siririn tiyo ɗin nan mai haske da muke auna daidaito da shi, ka cika da ruwa, ka gwada gefe da gefe. Ko kuma ka fara zuba ruwa kaɗan a kwamin, kamar zurfin yatsu biyu, ka tsaya ka duba. In wani gefe ya jiƙe wani a bushe, kwashe ka canza wuri tun bai yi nauyi ba.

In a ƙasa ne, a sassaƙe tudun a daidaita shi da kwarin, kada a cike kwarin da yashi, don yashi yana gudu in ya sha nauyi da ruwa. A share tsidau da ƙarangiya da tsakuwa da fasasshiyar kwalba, a bi wurin da tafin hannu, sannan a shimfiɗa tamfol ko tsohuwar darduma.

Abin da ya fi damuna shi ne nauyi, don mutane ba sa lissafa shi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Kwamin da Malam ya ambata tan huɗu da rabi ke nan, nauyin buhun siminti 90. An taɓa kirana wani gida da suka kafa nasu a bisa murfin sokawe saboda nan ne wurin ya fi santsi da daidaito. Da na durƙusa na leƙa, murfin ya tsage daga kusurwa, tsagar har tana shigar da tsinken ashana. A ranar muka zubar da ruwan. Kada a kafa a bisa sokawe, kada a hau da shi saman rufin kankare sai injiniya ya duba, kuma in katangarku ko ta maƙwabci ta ƙasa ce, a nisanta shi da ita.

Ma'aikaciyar Jinya, Rafin Daɗi:
Baban Yara, tunda na karanta cewa autanka bai cika shekara uku ba hankalina bai kwanta ba. Don Allah ka karanta wannan tare da maman yaran.

Yaro ƙarami ba ya ihu in yana nutsewa, ba ya fantsama ruwa. Kansa babba ne mai nauyi in aka gwada da jikinsa, yana leƙawa sai ya kifa, kuma ruwan da bai kai gwiwa ba ya isa. A wurin aiki mun karɓi yaran da suka faɗa bokiti da baho da randa, uwar tana kicin, taku kaɗan tsakaninsu, ba ta ji komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 300,000 ke mutuwa ta hanyar nutsewa a shekara, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar suna cikin waɗanda abin ya fi ci.

Ni ma ina da kwamin a gida, ban hana kowa saye ba. Amma ga yadda muke yi. In yara suna ciki, babba ɗaya yana zaune a bakin kwamin, ba waya a hannunsa, ba tukunya a wuta, kuma in zai tashi sai ya kira sunan wanda zai karɓe shi ya ji ya amsa. Ba na barin yayarsu 'yar shekara tara a matsayin mai tsaro, ita ma wasa take. In an gama, a janye tsani da kujera da turmi da duk abin da yaro zai taka. Murfin leda da ake rufe kwamin da shi na ƙura ne, ba ya ɗaukar yaro, hasali ma in ya faɗa nannaɗe shi yake yi. Mu mun sa mai walda ya yi mana ɗan shinge da ƙofa mai sakata daga sama. Wanda ba zai iya shinge ba, ya sayi ƙaramin da zai iya juyewa kullum da yamma ya kife.

Sai tsafta. Yaron da ke gudawa kada ya shiga, haka mai ciwon ido ko kunne mai ruwa. A kai kowa bayi a watsa masa ruwa kafin ya shiga.

Baban Yara, Ƙofar Marusa:
Allah ya saka da alheri, Anti. Na tura wa uwargida, ta ce shinge kafin kwami. To maganar tsaftar ruwan fa? Kwana nawa yake yi kafin ya lalace?

Mai Sola, Barhim:
In ba ka sa masa komai ba, a zafin nan kwana biyu zuwa uku za ka ji ƙasan ya fara santsi a tafin ƙafa, daga nan sai kore, gansakuka ta kama. Abu uku ke riƙe shi: kilorin, tacewa, da rufewa.

Kilorin ɗin da ake so a ruwan wanka kashi 1 zuwa 3 ne cikin miliyan, ma'aunin pH (mai nuna tsamin ruwa) kuma tsakanin 7.2 da 7.8. Akwai 'yan takardun gwaji da ake tsomawa su canza launi, ka gwama da jikin robarsu. Ni da su nake aiki, don ido ba ya gane wannan. Ba dole sai ka nemi maganin kwami na musamman ba. Bilicin wanki na ruwa, irin su Jik da Hypo, kilorin ne, muddin ba mai turare ba ne. Duba jikin robar. In an rubuta kashi 3.5 cikin ɗari, to kimanin mililita 250 a lita 4,500 zai ba ka kusan kashi 2 cikin miliyan. Ƙaramin kwamin da Malam ya ba ka shawara, mililita 90 zuwa 100 ya isa. Bayan magariba nake zubawa, saboda rana tana cinye kilorin cikin 'yan awoyi, sannan in gwada kafin yara su shiga washegari. Mai amfani da garin kilorin, shi garin ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, a bokitin ruwa ake zuba garin a dama, kuma kada a kuskura a haɗa shi da ruwan batir ko maganin wanke masai, hayaƙin da zai tashi guba ne. A ajiye inda yara ba sa kaiwa.

Injin tacewa ƙaramin yana jan lita 1,250 a awa, wato kusan awa huɗu kafin ya zagaye ruwan babban kwamin sau ɗaya. Ba ya cin wuta, solata tana ɗaukarsa da rana ba tare da ta ji ba. Abu biyu a kula. Wanda aka yi don kasuwar Amurka na wuta 110 zuwa 120 ne, tamu kuwa 230, kana sa shi a soket zai ƙone, don haka a karanta jikinsa musamman in na hannu ne. Kuma a kashe shi a zare waya kafin kowa ya shiga ruwa. Filtar takardar da ke ciki nakan ciro in wanke da tiyo duk bayan kwana biyu. Ranar da aka yi iska mai ƙura kuwa, za ka ciro ta ja wur.

Mai Kiwon Tarwaɗa, Daura:
Ni ban sayi na kwali ba. Tamfol ɗin da muke kiwon kifi a ciki na sa aka ɗinka mini sabo, mai walda ya yi masa firam da bututun ƙarfe, tsayinsa iya gwiwar babba. Ya fi na kanti kauri, kaza ko akuya ba ta huda shi da wuri, kuma in ya huje masu liƙin tamfol suna gyarawa. Ya zo da bututun zubar da ruwa a ƙasa, na ja shi zuwa gindin zogale da lemun tsami. Ba ni da injin tacewa. In ruwa ya yi duhu da ƙura, nakan jiƙa ɗan alam in zuba da dare, da safe dattin ya kwanta a ƙasa, in zuƙe shi da tiyo a hankali. Ganyen bedi kuma tsohon gidan sauro na ɗaura a waya nake kwashewa da shi. Kada ka kafa a ƙarƙashin bedin kai tsaye, 'ya'yansa da kashin tsuntsaye za su gajiyar da kai. In za ka ba shuka ruwan, daina sa kilorin ka bar shi a buɗe kwana biyu tukuna.

Hajiya Kaka, Ƙofar Soro:
'Ya'yana, ni ban ƙi jin daɗin yara ba, jikokina ma suna da shi. Amma akwai unguwannin da a bazara mace ke aika yaro da jarka tun asuba ya dawo da hantsi. In maƙwabcinka yana cikin wannan hali, ya ga kura goma sha biyar ta shiga gidanka don wasa, sannan bayan mako ya ga ruwan yana bin kwata, ba zai ce maka komai ba, amma ya gani. A gidanmu ba a zubar da shi. Da shi ake wankin tsakar gida da bayi da babur, a yayyafa wa ƙasa da yamma don ta yi sanyi.

Kuma ka shirya wa baƙi. Ranar da yaran layi suka ji ihu, duk za su zo. Ni ba na korar ɗan kowa, amma sai uwarsa ta sani, kuma na raba lokaci: 'yan mata da hantsi da rigunansu da wanduna, maza bayan la'asar. Ƙofar gida a kulle take in ba kowa, don yaron maƙwabci na iya shigowa shi kaɗai da tsakar rana kowa na barci.

Uwar 'Yan Biyu, Layout:
Gaskiya ne, Hajiya. Sai in ƙara maganar naɗewa. Da zarar damina ta sauka a watan Yuni nake kwashe nawa, don ruwan sama yana ɓata kilorin, kuma ruwan da ya kwanta ba kulawa, cikin mako guda zuwa kwana goma sauro ya ƙyanƙyashe a ciki, ga shi lokacin zazzaɓi. Har murfin ma yana tara ruwa a samansa. Ina wanke ledar da sabulu, in shanya ta bushe sarai har cikin lungunan ɗinki, in barbaɗa mata hoda don kada ta manne, in naɗe in saka a durom mai murfi saboda ɓeraye. Ƙarafan kuma in goge, inda fenti ya ɓare in shafa sabo, in ɗaure su wuri guda, ƙananan fil-fil ɗin da ke haɗa su in zuba a gwangwani, don in ɗaya ya ɓace samun irinsa a kasuwa aiki ne.

Baban Yara, Ƙofar Marusa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ƙaramin mai kusurwa huɗu zan ɗauka, gobe mai walda zai zo ya auna shinge. Malam Magini, simintin namu ya karkata wajen kwata kamar yadda ka ce, bambancin ya kai yatsu uku. In sa katako a ƙarƙashin ƙafafun gefen da ya yi ƙasa?

Magini, Daura:
A'a Yallaɓai, yatsu uku ya yi yawa. In ka ɗaga ƙafafu kaɗai, ledar gefen za ta rataye, nauyin ruwa ya koma kan ɗinki. Koma ɓangaren ƙasa ka sassaƙe, ka daɓe shi da kyau, ka yayyafa ruwa ka bar shi ya kwana, sannan ka sake aunawa kafin ka shimfiɗa tamfol.